A Fara da Kasawa Kafin Zane

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Wannan ita ce hikimar zanen alƙaluma, watau a mayar da ƙidaya hoto, yadda ido zai rarrabe mai yawa da kaɗan tun kafin baki ya ƙirga. William Playfair, mutumin Sukotlan, ya buga zane mai ginshiƙai a shekarar 1786, amma tunanin da ke ƙarƙashinsa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Yarinya mai talla takan ware farin goro daga ja, ta kasa kowanne daban. Mai koko kuwa takan ja layi a bango duk ranar da aka ci bashinta.

Abin takaici shi ne, sau da yawa malamin firamare yakan tsallake wannan sani da yaro ya zo da shi daga gida. Sai ya zana ginshiƙai a allo, ya yi bayani da Turanci, yara su kwafa ba tare da sun san abin da tsawon ginshiƙi yake nufi ba.

Kamata ya yi a fara a ƙasa. A zuba wake da gyaɗa da gurjiya a haɗe, yara su ware su, su jera kowane iri daga kan layi ɗaya, kowace ƙwaya da gurbinta daidai da na 'yar'uwarta. Sa'an nan a tambaye su: wane jeri ya fi tsawo, kuma da nawa? Bayan haka ne za a ɗauki alli. Yaron da ya gane cewa dole jeri ya tashi daga tushe ɗaya, in ya girma ba za a ruɗe shi da zanen da aka datse gindinsa don ƙaramin bambanci ya zama babba ba.

Sai batun harshe. Manufar ilmi ta Nijeriya ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshensa. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya nuna ana iya koyar da lissafi da Yarbanci ba tare da yara sun koma baya ba. Saboda haka nauyi yana kan malamai da ɗaliban sashen Hausa su daidaita kalmomin wannan fanni, su kai wa malamin aji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.