Aikin Kyauta Na Yarda, Amma Hotunan Na Wane Ne?

Yau matsalar kaina ce na kawo muku, wadda kusan mako biyu ke nan tana cina a rai, har ta kai mun samu saɓanin fahimta da mahaifina, abin da ba mu saba yi ba. Na ga gara in baje ta a faifai, domin na san ba ni kaɗai ba ne. Samarinmu da yawa yanzu sun rungumi kyamara, daga Agege zuwa Shagamu har Fatakwal, kuma duk wanda bai ci karo da irin takardar da aka miƙo mini ba, to ya saurara, tana tafe.

Waɗanda suka san ni sun san karatuna a sakandare ya tsaya. Da safe ina rumfar goron Baba, da yamma in rataya kyamara. Wata tsohuwar Canon ce ta hannu, da kuɗin adashe na saye ta, daga baya na ƙara mata gilashin janyo nesa, shi ma na hannu. A ƙwallon yaran unguwa na koyi aikin, sai kuma filin wasa na Adamasingba da ke nan kusa da mu, inda nakan zauna cikin 'yan kallo ina ta gwaji.

To bara sai wani abokina Bayerabe, wanda muka yi sakandare tare, ya ja ni makarantarsu, wata kwaleji mai zaman kanta, lokacin makon wasanninsu. Kwana huɗu na yi ina bin 'yan ƙwallo da 'yan tsere cikin rana. Ba a yi maganar kuɗi ba, ni ma ban tayar ba. Shinkafa dai da ruwan leda ba su yanke ba. Da aka gama na tace hotunan na zuba musu a filashi, aka yi godiya, aka watse. Bayan wasu watanni ina kan acaɓa sai na hango wani ƙaton allon talla a bakin titi, makarantar tana neman sababbin ɗalibai, ga hoton wani yaro ya yi sama zai sa wa ƙwallo kai. Hotona ne. Na san shi kamar yunwar cikina, domin sai da na kwanta ruf da ciki a bayan raga kafin na same shi. Ba zan ɓoye muku ba, abin da na fara ji daɗi ne, har na sa ɗan acaɓan ya tsaya. Sai da na ƙare wa allon kallo sama da ƙasa na ga ba sunana ko a lungu, sannan jikina ya yi sanyi. Mai buga allon an biya shi, mai hawa tsani ya liƙa an biya shi, mai filin da aka kafa allon ma yana karɓar haya.

Bana kuma sai suka neme ni da kansu. Mai kula da wasannin ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya ce aikina ya burge hukumar makaranta, za a ba ni katin wuya da rigar shiga fili, in tsaya duk inda nake so. Kuɗi dai babu, wai kasafinsu bai kai nan ba, amma zan samu suna. Sannan ya turo mini takarda shafi biyu da Turanci, ya ce in sa hannu kawai, ƙa'ida ce. Na ce, “Yallaɓai, a ba ni kwana biyu in nuna wa manya.” Na kai wa wani yayanmu a unguwa da ya karanta lauya, ya fassara mini ita dalla-dalla. Abin da ke ciki shi ne: duk hoton da na ɗauka a filinsu ya zama mallakar makaranta har abada, zan miƙa musu har ɗanyen hoton da ba a gyara ba, suna iya sayarwa ko ba wa wanda suka ga dama, ni kuwa ko a Facebook ɗina ba zan sa ba sai da izininsu a rubuce.

Da na kai wa Baba maganar, bai ga abin damuwa a ciki ba. Cewa ya yi, “Kai yaro, ɗan koyo yana ciniki ne? Ni shekara nawa na yi ina ɗaukar wa maigidana kaya ba a ba ni ko sisi ba? Mutane sun mutunta ka sun kira ka, mu da muke baƙi a garin nan, ka je ka yi musu gardama a ce yaran Hausawa ba su da ladabi?” Maganarsa tana da nauyi, kuma ban raina ta ba. Shekara fiye da 100 ke nan da kafa Sabo, tun 1916, amma har gobe ba kowace ƙofa ce ake buɗe wa ɗan Sabo ba, musamman wanda ba shi da takardar jami'a. Idan aka buɗe maka ɗaya, dole gabanka ya faɗi kafin ka ce a'a.

To amma ga inda na tsaya, kuma na gaya wa Baba cikin ladabi. Shi da ya yi wa maigidansa bauta, ranar da aka sallame shi da jari aka sallame shi. Shekarun nan ba su tafi a banza ba, ajiya ce. Ni kuwa a wannan sana'a ba ni da wani jari da ya wuce hotunan da na tara. Su ne nake nuna wa mai biki ya yarda ya ba ni aiki, su ne zan tura wa jarida in ana neman mai hoto. Sunan da aka ce zan samu, ta ina zai zo idan an hana ni nuna aikin? Wannan takarda ƙarfina take so kyauta, sannan ta haɗa da abin da ƙarfin ya haifa. Ɗaya daga ciki zan iya bayarwa da zuciya ɗaya. Biyun gaba ɗaya ne na kasa haɗiyewa.

Kuma kyautar ma ba ƙarama ba ce, ko da yake mai kallo gani yake danna maɓalli ne kawai. Kafin ka tsayar da ɗan tsere cak a hoto ba tare da ya yi dishi-dishi ba, sai ka sa kyamara ta buɗe ta rufe a cikin kashi ɗaya bisa 1,000 na daƙiƙa, kuma bugu ake yi a jere, domin ba ka san wanne ne zai dace ba. A wasa ɗaya ina iya buga ɗaruruwa, waɗanda za su yi kyau ba su wuce talatin. Ƙofar nan ta cikin kyamara da ke buɗewa tana rufewa tana da iyakar kwana; ƙananan kyamarori irin tawa kimanin bugu 100,000 ake ƙiyasta musu, tawa kuwa Allah kaɗai Ya san nawa mai ita na farko ya cinye. Ga kuɗin mota, wanda kowa ya san yadda ya koma tun da aka cire tallafin mai a 2023. Ga daren da zan raba ina tacewa, in an ɗauke wuta in nemi inda zan yi caji. Ga rumfar Baba da zan bari kwana huɗu. Duk wannan na ce na ji na gani.

Abin da yayan nan namu ya fahimtar da ni game da doka shi ne ya ƙara buɗe mini ido, kuma ina so duk mai riƙe da kyamara a cikinmu ya san shi. Nijeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023. A ƙarƙashinta, wanda ya ɗauki hoto shi ne mai shi tun daga lokacin da ya ɗauka, ba sai ya je ya yi rajista a wani ofis ba, sai fa idan akwai yarjejeniyar da ta ce akasin haka. Aikin da aka yi wa gwamnati bisa kwangila hukuncinsa daban ne, amma wannan makaranta ba ta gwamnati ba ce. Kariyar hoto tana kai shekara 50 bayan fitar da shi. Sannan mallakar ba ta tashi daga hannunka ta koma na wani da fatar baki, sai a rubuce. Izinin amfani na yau da kullum shi ne ake iya bayarwa da baki, ko ma a fahimce shi daga yadda ka yi, kamar yadda na miƙa musu filashi bara. Wato ke nan hotunan bara har yanzu nawa ne, aro na ba su. Na bana kuwa, da zarar biro ya taɓa takardar nan, sun tafi ke nan.

A nan ne na yi wa kaina wata tambaya. In da hotunan ba su da wata daraja, kamar yadda ake nuna mini, me zai sa a zauna a rubuta shafi biyu domin a raba ni da su? Ba wanda ke kiran lauya a kan abin da ba ya so.

Dattawanmu ma sun san wannan tsari, sun dai manta ne. A zamanin fim, in ka je ɗaukar hoton salla, kati biyu ko uku ake wanke maka, nagatif ɗin yana wurin mai hoto. Ranar da kake son ƙari sai ka koma ka biya. Ba wanda ya taɓa cewa mai hoto ya yi rashin kunya. Da na kawo wa Baba wannan misali sai ya yi shiru, ni kuma na samu ƙarfin gwiwa na ƙara da na rumfarsa. Kullum a gabana yake ɓare goro ya miƙa wa mai saye ya ɗanɗana, in an sayi ƙwarya ya ƙara gyara, amma ban taɓa ganin ya ɗauki huhu ya bayar don a san shi a kasuwa ba. Kuma shi ne ya koya mini cewa goron da aka iya adanawa har ya zama daushe ya fi sabo kuɗi.

Hoton wasa daushe ne. Ku dubi marigayi Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, wanda ya fara da ƙungiyar UNTL kafin ya zo nan Ibadan ya buga wa Shooting Stars, kuma a garin nan ya rasu a 2012. Hoton nan nasa da ya riƙe raga yana ihu, bayan ya ci wa Nijeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya a wasa da Bulgeriya a 1994, yau fiye da shekara 30 ana ta buga shi. To wanda ya ɗauke shi yana saurayi a filin Kaduna, lokacin ba wanda ya san shi, in har ya adana nagatif ɗinsa, ai ya riƙe abin da ba a sake samun irinsa. Ban ce a cikin yaran kwalejin nan akwai Yekini ba. Amma ni ban sani ba, hukumar makarantar ma ba ta sani ba, shi ya sa take son ta riƙe duka.

Sai dai kuma adalci ne in faɗi nasu ɓangaren. Filin nasu ne, ɗaliban amana ce a hannunsu, kuma suna da hujja idan suka ji tsoron wani mai hoto ya kwashi fuskokin 'ya'yan mutane, musamman mata, ya sayar wa kamfanin caca ko ya watsa inda bai dace ba. Su ma 'yan wasan suna da haƙƙi a kan fuskarsu, ba ni kaɗai ke da magana ba. A Amurka an daɗe ana wannan rigima: Ed O'Bannon, tsohon ɗan ƙwallon kwando na jami'ar UCLA, ya ga an sa kamanninsa a wasan kwamfuta ba a tambaye shi ba, ba a biya shi ba, ya kai ƙara a 2009, kuma sai a 2021 hukumar wasannin jami'o'in ƙasar ta bar ɗalibai su ci kuɗin sunansu da hotonsu. Bayan wannan, akwai gaskiya mai ɗaci da wani abokina ya gaya mini, cewa wataƙila haƙƙin da nake ta kare wa ba zai taɓa kawo mini ko naira ɗaya ba, ga shi kullum ana kwashe hotunan mutane a intanet a yanke sunansu, ba kuma wanda ke da kuɗin zuwa kotu. Haka ne. Amma wanda aka yi wa sata yana da bakin magana ko ba yau ba, wanda ya sa hannu ya bayar kuwa ba shi da ta cewa.

Don haka ban ce musu a'a kai tsaye ba. Ni da yayan namu muka rubuta 'yar gajeriyar takarda na kai. Na ce zan yi kwana huɗun kyauta kamar bara. Su yi amfani da hotunan a shafukansu da mujallar makaranta yadda suke so har shekara biyu, da sharaɗin a sa sunana a ƙasa. In za a hau allon talla ko kalanda, ko wani kamfani mai ɗaukar nauyin gasar yana so, wannan sai mu zauna mu yi ciniki. Ɗanyen hoto yana wurina, kuma ina da damar nuna aikina. Ni kuma na ɗauki alkawari a rubuce ba zan sayar da fuskar wani ɗalibi don talla ba sai da yardarsa. In kuwa lallai mallakar suke so dungurungum, to su faɗi abin da za su biya, saye ne.

Mai kula da wasannin ya karanta, ya yi 'yar dariya, ya ce shi ba shi da ikon canza ko harafi ɗaya, zai kai sama. Ya kuma sanar da ni, ba da faɗa ba, cewa akwai wani ɗalibinsu mai babbar waya da ya ce zai yi a yadda takardar take. Na ce Allah Ya ba shi sa'a.

Baba har yanzu bai ce na yi daidai ba. Abin da ya ce kawai shi ne, tunda na rubuta na kai, kada in koma in janye, domin ɗan kasuwa ba ya taya kaya sau biyu. Gasar saura kwana tara, kuma har zuwa daren nan da nake rubutu ba su kira ba. In ba su kira ba, ranar Asabar ɗin akwai wasan ƙarshe na kofin samarin unguwa, kuma na riga na gaya wa masu shiryawa zan zo da kyamarata.