Feshin Ɗauraya a Injin Wanki: Amfaninsa da Iyakarsa

Duk ɗalibin da ya taɓa wanke kayan makarantarsa da hannu ya san cewa wanki bai ƙare ba don an cuɗa tufa da sabulu. Sai an matse, an ɗauraye, an kuma sake matsewa. Ya san kuma idan ya tsoma riga cikin bokitin ruwa mai tsabta ba tare da ya matse ta ba, nan da nan ruwan zai yi kumfa, ya tashi daga amfani. A kan wannan sani na yau da kullum ne masu ƙera injin wanki suka gina wata dabara da ta cancanci a duba ta da idon basira, watau fesa wa tufafi ruwa a daidai lokacin da injin ke matse su.

Injin wanki na gida iri biyu ne: mai murfi a sama, da mai ƙofa a gaba. Kamfanin Bendix na Amurka ne ya fito da mai ƙofar gaba mai sarrafa kansa a shekarar 1937. A cikinsa akwai gangar ƙarfe mai ƙananan huji da yawa, tana kwance a gicciye cikin wani babban mazubi da ke riƙe ruwa. Bisa tsarin da aka saba, injin yakan zuba ruwa, ya jujjuya tufafin a ciki, ya zubar da ruwan, ya matse, sa'an nan ya maimaita haka sau biyu ko uku. A sabon tsarin kuwa, akan sa ɗan bututu a bakin ƙofa wanda zai riƙa feshin ruwa mai tsabta cikin gangar tana tsakiyar gudu. Kamfanin LG na Koriya ta Kudu yana cikin masu sayar da irin wannan, da sunan TurboWash. Dabarar tana da tushe mai ƙarfi a kimiyya, amma ba ta isa ta ɗauki nauyin ɗauraya ita kaɗai ba. Dalilan haka suna cikin lissafi da kuma halin ruwa.

A fara da lissafi. Alal misali, a ɗauka an wanke tufafin auduga kilo 5, bayan matsewa kuma suna riƙe da lita 3 ta ruwan sabulu. Idan aka zuba musu lita 12 ta ruwa mai tsabta, jimilla ta zama lita 15. Da an sake matsewa lita 3 ce za ta rage, watau kashi 1 cikin 5 na sabulun. A ɗauraya ta biyu zai koma kashi 1 cikin 25, a ta uku kashi 1 cikin 125. Lita 36 ke nan aka kashe. Da a ce an zuba litar 36 ɗin gaba ɗaya a karo guda, da kashi 1 cikin 13 ne zai rage. Da kuma ba a matsewa tsakanin ɗauraya da ɗauraya, tufafin suna riƙe da lita 10 a kowane karo, da bayan ɗauraya uku kusan kashi 1 cikin 11 na sabulun yana nan. Ashe ruwa kaɗan kaɗan sau da yawa, tare da matsa mai kyau, ya fi ruwa mai yawa a karo ɗaya nesa ba kusa ba.

To, yaya injin ke matsa, alhali ba shi da hannu? Amsar tana ga majajjawa. Dutsen da ke cikin majajjawa yana kewayawa ne domin igiya ta riƙe shi. Da an sake shi sai ya miƙe ya tafi. Haka bangon ganga yake riƙe tufa, amma ba ya iya riƙe ruwa, sai ruwan ya fice ta hujin. A gangar da faɗinta ya kai santimita 50, tufafi sukan manne wa bango da zarar gudu ya wuce juyi 60 a minti ɗaya, shi ya sa a lokacin cuɗawa ake juya ta ƙasa da haka domin su riƙa ɗagawa suna faɗowa. A juyi 600 a minti, kowane ɗigon ruwa yakan zama tamkar nauyinsa ya ninka sau 100. A juyi 1,200 kuwa, sau 400 ne, domin idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin yakan ninka sau huɗu.

A nan ne hikimar feshi take. Tufafin sun riga sun shimfiɗu a jikin bango kamar zobe. Ruwan da aka fesa yakan sauka a fuskar zoben ta ciki, ƙarfin juyi ya tura shi ya ratsa zaren, ya kori ruwan sabulun da ke gabansa zuwa waje. Ruwan da ya fita ba ya komowa ya sake gauraya da tufa, kamar yadda yake faruwa a cikin bokiti. Masana'antun sukari sun daɗe suna aiki da wannan hanya: sukan fesa wa ƙwayoyin sukari ruwan zafi a cikin ganga mai gudu domin wanke baƙin ruwan rake da ya manne musu, ba tare da sukarin ya narke da yawa ba. Ribar a fili take. Ana rage ruwa, ana rage lokacin cika mazubi da zubarwa, feshin kuma yakan karya kumfar da ke taruwa tsakanin ganga da mazubi har ta nauyaya wa injin gudu.

Amma fa tufafi ba ƙwayoyin sukari ba ne. Na farko, ruwa yana bin hanya mafi sauƙi. Inda zoben ya yi siriri nan zai fi ratsawa, ya bar inda tawul ko wando mai kauri ya dunƙule, ya bar cikin aljihu da ninkin ɗinki. Na biyu, sabulun da ya shige can cikin zaren auduga yana bukatar lokaci kafin ya fito ya haɗu da sabon ruwa, ruwan feshi kuwa wucewa yake yi cikin gaggawa. Na uku, tufar da ta manne wa bango takan zama kamar rariya. Abin da ya narke a ruwa zai wuce, amma yashi da gashi da ɓurɓushin zare da garin sabulun da bai narke ba sai su maƙale. Waɗannan ba sa fita sai tufa ta saki jiki cikin ruwa, an ɗaga ta an buga, an sake juya ta. Saboda haka injin da zai amsa sunansa shi ne wanda ya haɗa hanyoyin biyu: feshi ya fara kwashe mafi yawan sabulu, ɗauraya cikin ruwa ko da sau ɗaya ta kammala sauran.

Wani zai ce ɗan sabulun da ya rage ba abin damuwa ba ne, tunda tattalin ruwa ya fi muhimmanci. Lalle tattalin ruwa babban abu ne, wanda ke sayen jarka daga hannun mai ruwa ya fi kowa sanin haka. Sai dai ragowar sabulu takan sa tufa ta yi tauri, ta dusashe, tana kuma iya jawo ƙaiƙayi ga jarirai da masu larurar fata. Idan kuma mai gida ya ga kumfa a kayansa ya sake kunna injin, ruwan da aka ce an adana ya tafi, har da ƙarin wutar lantarki. Tarayyar Turai ta lura da wannan. A ƙa'idar da ta kafa a 2019, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Maris, 2021, ta iyakance ruwan da injin zai sha a tsarin wanki na gwaji, wanda ya kama lita 48 ga injin mai ɗaukar kilo 8. A lokaci guda ta wajabta kada ragowar sabulu ta wuce giram 5 a kowane kilo na tufa. Wannan shi ne ma'aunin gaskiya, domin ya hana a rage ruwa a bar tufa da sabulu.

Mai amfani da injin shi ma yana da nasa aikin. Kada ya cusa kaya har ganga ta toshe, domin zobe mai kauri ba ya ratsuwa. Ya auna garin sabulu daidai, ya kuma zaɓi wanda aka yi domin injin mai ƙofar gaba, mai ƙarancin kumfa. Ga kayan jarirai, da tawul, da tufar da ta sha ƙurar hunturu, ya ƙara ɗauraya ɗaya cikin ruwa. Mai niyyar saye kuma ya tambaya ko injin yana ba da damar ƙara ɗauraya, kada sunan da aka liƙa wa feshin ya ɗauke masa hankali.

Malaman kimiyya suna da darasi a nan wanda ba ya bukatar injin ko kaɗan, gani kuwa ya kori ji. A samo ƙyallaye uku iri ɗaya, a jiƙa su cikin ruwan sabulu ɗaya mai ɗan yashi, a matse. A ware wa kowanne lita ɗaya da rabi ta ruwa. Na farko a ɗauraye shi cikin ruwan gaba ɗaya. Na biyu a raba ruwan uku, ana matsewa tsakani. Na uku a ninke shi a kan rariya, ana tsiyaya masa ruwan a hankali ana dannawa. Daga nan a tsoma kowanne cikin rabin lita na sabon ruwa, a matse cikin kwalba, a girgiza sau goma, a auna tsawon kumfar da rula, sa'an nan a warware ƙyallen a duba yashin da ya rage. Ɗalibin da ya rubuta sakamakon da hannunsa ya riga ya mallaki tambayar da ya kamata a yi wa kowane injin wanki: ruwa nawa ya sha, sabulu nawa kuma ya bari a jikin tufa?