Kada mu bar naira ta kwana a buhu

Mu da muke cin kasuwannin Jibiya, Illela da Maigatari mun san abu guda: idan Babban Bankin Najeriya ya yanke hukunci a Abuja, kafin gari ya waye zafinsa ya iso teburin ƴan canji na Maraɗi da Ƙonni. Ba a shawara da mu, amma da mu ake biyan kuɗin.

Mu tuna watan Oktoban 2022. Bankin, a zamanin Godwin Emefiele, ya ce zai sauya takardun naira 200, 500 da 1000, ya sa wa'adi zuwa 31 ga Janairun 2023. Ɗan Najeriya yana da asusun banki inda zai zuba tsofaffin kuɗinsa. Mu fa? Yawancinmu a buhu muke ajiya. Tsoro ya sa mutane da dama suka karyar da tsofaffin takardu ga ƴan canji. A watan Maris kotun ƙolin Najeriya ta ce a ci gaba da karɓarsu, amma wanda ya riga ya karyar, asararsa ta tabbata. Dattawanmu sun ga irin wannan a 1984, lokacin da Buhari ya sauya kuɗi aka rufe iyaka.

A watan Yunin 2023 kuma bankin ya saki naira, ya ce kasuwa ta yanka mata farashi. Dalar Amurka da take kusan naira 460 a farashin gwamnati ta kai wajen 1,500 a Fabrairun 2024. Sefa kuwa a ɗaure take da yuro, kimanin sefa 656 kan yuro guda. Saboda haka duk lokacin da naira ta zame, jikka sai ta yi sama.

Ga inda abin yake cizo. Ka ba da sa bashi a Maigatari, an yi ciniki da naira. Bayan wata uku aka biya ka cif, ba a rage ko kwabo ba. Ka je wurin ɗan canji, jikkunan da ya ƙirga maka ba su sayen maraƙi. Mai bashi bai cuce ka ba, ɗan canji ma bai cuce ka ba. Kwanan da kuɗin suka yi ne ya cinye uwa da riba.

Ba mu ce sefa ba ta da nata ciwo ba. A Janairun 1994 dare ɗaya aka raba darajarta biyu. Sai dai abincinmu, hayarmu da kuɗin makarantar yaranmu duk da ita muke biya.

Don haka shawararmu ita ce: in za a ba da bashi, a yanka ciniki da sefa tun farko, a rubuta, a sa shaidu. Nairar da ta shigo hannu a juya ta kaya ko sefa a ranar. Sarakunan kasuwa da ƙungiyoyinmu su tsaya a kan wannan tsari, don kada mai ƙaramin jari ya zama shi kaɗai ke jin kunyar faɗa. Sanarwar bankin ta gaba ba za ta yi mana sallama ba. Allah ya tsare mana jarinmu.