Mun hana jinin fim, muna tura jinin gaske

Jama'a, ku yi haƙuri rubutun yau yana da ɗan tsawo, kuma na san zai ɓata wa wasu rai.

A watan Satumba na 2021 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta hana fina-finan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. A 2024 ta ƙara da na daba. Aka yi ta tafi, aka ce an ceto tarbiyyar yara. To madalla. Amma jinin da ke cikin fim kala ce aka shafa, wanda aka kashe kuma zai tashi ya karɓi kuɗin aikinsa ya tafi gida. Jinin da ke yawo a wayoyinmu fa? Wannan na gaske ne, kuma ba 'yan fim ne suka kawo shi ba. Mu ne: iyaye, malamai, ma'aikata, masu digiri.

Duk ranar da 'yan bindiga suka afka wa wani ƙauye a Zamfara ko Katsina ko Sakkwato, kafin a haƙa kabari bidiyon gawarwakin ya iso zauren dangi na WhatsApp, ya shiga na tsofaffin ɗalibai, ya shiga na ofis. Mutum ya rubuta innalillahi a sama, ya danna turawa, yana jin ya yi aikin lada. Abin da ba ya tunawa shi ne WhatsApp yana sauke hoto da bidiyo kai tsaye cikin ma'ajiyar waya idan ba a kashe ba. Da yamma kuma wannan wayar ce ake miƙa wa yaro ɗan shekara shida ya kalli katun don ya bar mutane su huta. Yatsa ɗaya ne tsakanin katun da yankan rago da aka yi wa ɗan Adam.

Wani zai ce ai yaro ne, zai manta. Tun 1961 wani masani a Jami'ar Stanford ta Amurka, Albert Bandura, ya gwada wannan. Ya sa ƙananan yara suka kalli babban mutum yana jibgar wata 'yar tsana, da aka bar su da ita sai suka yi mata irin wannan dukan, har da irin kalaman da suka ji. Masana har yau suna jayayya a kan ko kallo kaɗai yana mayar da yaro mai kisa, kuma ni ma ban ce haka ba, don talauci da ƙwaya da rashin makaranta suna da nasu kason. Amma ba a jayayya a kan cewa yaro da kwaikwayo yake koyo. Babba ma bai tsira ba. Bayan harin bam na gasar tsere a Boston a 2013, bincike ya nuna waɗanda suka riƙa kallon labarin harin na awa shida ko fiye a kullum sun fi nuna alamun firgici a kan mutanen da ke wurin lokacin da bam ɗin ya tashi. Idan haka ta faru da manya, ina ga yaron da bai san nisan da ke tsakanin Maradun da ƙofar gidansu ba?

Ku tsaya ku saurari wasan yara a lungu. Mu da muka taso da wasan 'yar ɓuya da langa, yau 'ya'yanmu suna raba kansu gida biyu, wasu masu garkuwa, wasu waɗanda aka kama, ana cinikin kuɗin fansa da ganye. Kuma kowa so yake ya zama mai bindigar. Me zai hana? A TikTok yana ganin ɗan bindiga ya baje damin kuɗi a gabansa, yana dariya, mutane na yi masa kirari wasu ma na tura masa lambar asusu. A gida kuma yana ganin ubansa, wanda mafi ƙarancin albashin da aka yanka masa a 2024 naira 70,000 ne, yana lissafin kwano nawa na masara za su kai ƙarshen wata. Wane darasi kuke so ya ɗauka?

Ɓarnar ba ta tsaya kan yara ba. A watan Yuni na 2018, lokacin rikicin Filato, an yaɗa hoton wani jariri da aka sare a Facebook, aka ce Fulani ne suka yi a yankin. Binciken BBC ya gano hoton ya girmi rikicin da watanni. Amma kafin gaskiya ta iso, an riga an tare hanya an fito da matafiya daga motoci an kashe su, mutanen da ba su ji ba su gani ba. Duk wanda ya tura wannan hoto yana ganin faɗakarwa yake yi. Hannunsa nawa a cikin jinin matafiyan, Allah kaɗai ya sani.

Sannan mu tambayi kanmu, don me ɗan ta'adda yake ɗaukar bidiyon aikinsa? Don a gani ne, a ji tsoro, a biya fansa ba gardama, ƙauye na gaba ya watse tun kafin ya iso. Shi ba shi da gidan rediyo, ba shi da jarida. Mu ne muke yi masa aikin yaɗa labarai kyauta, da datar da muka saya da kuɗinmu. Ranar Juma'a 15 ga Maris 2019, wani ya kashe masallata 51 a masallatai biyu a Christchurch ta ƙasar New Zealand, yana nunawa kai tsaye a Facebook. Kamfanin ya ce ya cire kwafin bidiyon miliyan 1.5 cikin awa 24. Ƙasar ta haramta yaɗa shi, an ɗaure wani saboda turawa, Firaminista Jacinda Ardern kuma ta ƙi ko ambaton sunan makashin. Sun gane abin da yake nema, suka hana shi. Mu kuwa sunayen jagororin daji sun fi na kwamishinonin ilimi zama a bakin yaranmu.

Na san hujjar da za a kawo min a ƙasa, kuma hujja ce mai nauyi: in ba a nuna ba, gwamnati za ta musanta. Gaskiya ne, mun sha gani. Shi ya sa ban goyi bayan tarar naira miliyan biyar da hukumar NBC ta ci Trust TV a 2022 kan rahotonta na 'yan bindiga ba, don toshe bakin ɗan jarida ba ya dawo da wanda aka sace. Amma a bambance. Ɗan jarida yana zuwa, ya tabbatar, ya faɗi sunan ƙauye da rana da adadin mutane, ya rufe fuska, ya gargaɗi mai kallo. Wannan shi ke tilasta wa hukuma magana. Tura ɗanyen bidiyo zauren dangi wace hukuma ya taɓa motsawa? Gwaggonka mai hawan jini ce ministar tsaro?

Kuma ina haƙƙin mamacin? Mu ne fa muke lulluɓe gawa, muke hana kowa shiga wurin wanka sai wanda ya zama dole. Yaushe muka koma ɗaga mayafi don kyamara ta gani da kyau? Akwai matan da a waya suka fara ganin gawar mazajensu. Akwai marayun da za su girma su iske bidiyon ubansu yana nan a intanet, ba mai iya goge shi.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin kowa ba. In irin wannan bidiyo ya iso gare ka, ya tsaya a kanka. In kana ganin hujja ce, kai wa ɗan jarida ko lauya, ka rubuta abin da ya faru da kalmomi. Masu kula da zaure su kafa doka, wanda ya karya a cire shi ko da babban yaya ne. A kashe saukar da bidiyo kai tsaye kafin a ba yaro waya. TikTok da Facebook da kansu sun ce sai ɗan shekara 13, to me ɗan firamare yake yi a can? In kuma yaro ya riga ya gani, kada a daka masa tsawa, a zauna a tambaye shi me ya gani, a kwantar masa da hankali. Hukumar tace fina-finai ba za ta iya shiga aljihunka ba, Alhaji. Wannan tacewar taka ce.

Allah ya jiƙan waɗanda aka kashe, ya kuɓutar da waɗanda ke daji, ya shirya mana zuri'a. Wanda bai yarda ba, ga fili nan, amma don Allah a zo da hujja, ban da hoto.