A Biya Bakanike Kuɗin Saurare

Labarin kusan iri ɗaya ne ko da yaushe. Tsohuwar Hilux mai ja da ƙafa huɗu ta taso daga Sakkwato, ta wuce Boɗinga, ta nufi Dandin Mahe a ƙaramar hukumar Shagari. Mai ita ma'aikaci ne mai ilimi, kuma ya yi makonni yana jin wani gurnani daga baya, wanda ke tashi idan mota ta yi gudu, ya lafa idan ta rage. Sai ya ratse gareji a bakin hanya, bai ko kashe inji ba, ya ce: "Malam, duba mini bayan nan, sauri nake." Bakanike ya leƙa ƙarƙashi, ya girgiza taya, ya ce: "Shokabzoba ce, Yallaɓai." A sayo, a ɗaura, a biya. Kafin a kai gari na gaba gurnani ya dawo. Mako mai zuwa a canja taya, na bayansa a canja birki. A ƙarshe mai mota ya yanke hukunci cewa bakanike duk macuci ne.

Wannan hukunci zalunci ne, domin rabin laifin na wanda ya yanke shi ne. Masu motoci sun kafa wata al'ada da ba a rubuta ba: ana biyan kuɗin kaya, ana biyan kuɗin ɗaura kaya, amma ba a biyan kuɗin gano cuta. Bakaniken da ya ɓata awa biyu yana saurare da gwaji, ya gano cewa noti ɗaya ne ya kwance, sai a miƙa masa ɗan abin shan ruwa, a ce ai bai yi komai ba. Wanda ya kwance rabin mota bisa zato shi ake cika wa hannu. Duk sana'ar da aka tsara ladanta haka, zato za ta riƙa sayarwa. Mutumin da ke biyan kuɗin ganin likita kafin a rubuta masa ƙwaya ɗaya, ya kuma biya lauya kuɗin shawara, shi ne ke ganin tunanin bakanike kyauta ne.

Alhali gano ƙarar bayan mota aiki ne na hankali, mai ƙa'ida, wanda ake koya. Wahalarsa daga ginin motar take. Irin su Hilux, wadda kamfanin Toyota ya fara yi a 1968 ya fitar da mai ja da ƙafa huɗu a 1979, da Land Cruiser jerin 70 da ta fito a 1984, an ɗora jikinsu ne a kan firam na ƙarfe mai kama da tsani. Ƙarfe kuwa yana ɗaukar amo ya kai shi nesa. Abin da direba ke rantsuwa daga hagu yake fitowa na iya zama daga dama, abin da ya ji a baya na iya zama daga tsakiya. Saboda haka gwani ba ya fara tambayar daga ina ƙarar take, yaushe take zuwa yake tambaya.

Amsar wannan tambaya ita ke rarrabe masu laifi. Idan gurnani yana ƙaruwa da gudun mota, bai damu da taka totur ko sakinsa ba, amma yana sauyawa idan an karkata sitiyari dama ko hagu, to ido ya koma kan boris na taya, domin karkatawar tana sauke nauyi daga gefe ɗaya ta ɗora wa ɗaya. Idan kuwa kuka ne siriri da ke zuwa lokacin taka totur ya ɓace da an saki, ko akasin haka, to difarenshal ne, wato tulun haƙoran da ke tsakanin tayoyin baya. Ƙaramin haƙorin da ke shiga cikinsa yana juyawa kusan sau huɗu kafin taya ta juya sau ɗaya, shi ya sa muryarsa ta fi ta boris na taya kaifi. Ƙwanƙwasa guda ɗaya lokacin tashi, ko lokacin sauyawa daga giyar gaba zuwa ta baya, alama ce ta kuros na furofela ya ci. Bugun da ba ya zuwa sai a rami ko a kan burji, to a duba bushin na sifirin, da notocin da suka ɗaure sifirin, da shokabzoba. Gogar ƙarfe da ke sauya murya da an taɓa birki, daga birki take. Ruri mai sauyawa idan an sauka daga kwalta zuwa ƙasa, yawanci taya ce ta ci ba daidai ba, kuma a mayar da tayoyin baya gaba ya isa a tabbatar. Wani lokacin ma ba komai ba ne illa tayar safiya da ke lilo a ƙarƙashi, ko robar da ke riƙe da salansa ta tsinke.

Babu ɗaya daga cikin gwaje-gwajen nan da ke buƙatar sayen kaya. Tafiyar minti ashirin tare da bakanike, da jak, da tafin hannu a kan cibiyar taya bayan tafiya don jin wadda ta fi zafi, da dogon sukundireba da ake kara wa ƙarfe a sa kunne a ƙotarsa. Sai kuma gwaji mafi araha, wanda aka fi tsallakewa: a kwance notin zubar da man difarenshal a duba. Notin yana da maganaɗisu. Laushin garin ƙarfe kaɗan a jikinsa ba abin tsoro ba ne, amma ɓarɓashi mai kaifi shaida ce cewa haƙori ko boris na ɓarewa. Man da ya koma kalar koko kuwa, ruwa ne ya shige shi.

Batun ruwan nan ya shafi ƙasar Shagari da Boɗinga kai tsaye. Motar da ke kai taki ƙauye, ko ma'aikatan rigakafi, ko ta kwaso buhunan gero da albasa, da damina sai ta ratsa fadama da kwazazzabo. Difarenshal yana da ɗan bututun numfashi a samansa. Idan ƙarfe ya yi zafi da tafiya sannan ya afka ruwan sanyi, iskar da ke ciki ta tsuke, sai ya zuƙo ruwa ta bututun ko ta robar da ke tare mai. Da rani kuma ƙura ke toshe bututun, zafi ya kumbura iskar, ya tura mai ya ɓullo ta gefen taya ya jiƙa birki. Ga lodin da ya zarce ƙima. Ga tayoyi biyu masu girma daban a baya, waɗanda ke tilasta wa ƙananan haƙoran difarenshal aiki ba hutu ko da a miƙaƙƙiyar hanya. Ga direban da ya fito daga yashi ya manta bai cire giyar ƙafa huɗu ba ya hau kwalta, alhali yawancin motocin nan ba su da abin da ke raba juyi tsakanin gaba da baya, sai ƙarafa su riƙa murɗe juna. Duk waɗannan tarihi ne da mai mota kaɗai ya sani, kuma ba ya faɗa, domin yana sauri.

Masu kare wannan al'ada suna da hujjoji uku. Ta farko, wai tsohuwar mota ba ta rasa kuka. Gaskiya ne, amma kuka suna suka tara. A yawancin tsofaffin Hilux, boris ɗaya ne a kowane gefe ke ɗauke da nauyin baya, an matse shi a jikin sandar ƙarfen da ke juya taya, da zobe guda da ke riƙe shi. Idan ya narke, sandar na iya zarewa ta fita da taya da gangar birki gaba ɗaya. A kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, inda tirela da bas ke gilmawa, da mutane a bayan mota kan kaya, wannan maganar rai ce. Kuma boris ɗin yakan yi gargaɗi da gurnani tun kafin ranar ta zo.

Hujja ta biyu ta 'yan boko ce: a kai ta Sakkwato a sa mata kwamfuta. Na'urar da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari, wadda Amurka ta wajabta tsarinta ga motoci tun 1996, tana karanta abin da na'urorin lantarkin mota suka rubuta ne. Ba ta da kunne a cikin difarenshal, ba ta san bushin ya tsage ba, kuma tsofaffin motocin dizal da yawa ba su ma da wurin jona ta. Wanda ya biya kuɗin kwamfuta da murna, ya hana mai kunne ladansa, allo ya girmama.

Hujja ta uku ta fi nauyi: akwai bakanike maras gaskiya, akwai kuma wanda bai ƙware ba. Babu musu. Akwai mai karɓar kamasho a wurin mai sayar da kaya, akwai mai jin kunyar cewa bai gano ba. Akwai mai ɗaura difarenshal ba tare da ya auna tazarar haƙora ko taurin boris ba, ya ɗaure noti da ƙarfin hannu kawai, bayan wata guda kuka ya dawo. Sai dai hana kuɗin bincike ba ya korar irin waɗannan daga sana'a. Nagarin yake talautawa, ya bar musu fage. Yaron gareji kuma abin da ya ga yana kawo wa ubangidansa kuɗi shi zai koya.

Da can ana iya jure wannan asara. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki farashin naira a watan Yuni na shekarar, duk wani ƙarfe da ke zuwa daga Ladipo a Legas ko Ƙofar Ruwa a Kano ya yi tsada, kuma sabuwar mota ta fi ƙarfin mafi yawan ma'aikata. Tsohuwar da ke hannu ita za a ci gaba da lallaɓawa. Kowane kayan da aka saya bisa zato kuɗi ne da aka cire daga na gyaran gaskiya, kuma sau da yawa ana cire na asali mai sauran rai a sa jabu a madadinsa.

Gyaran al'adar ba shi da wuya. Mai mota ya zo da bayani: a wane gudu, a wace hanya, da lodi ko babu, yaushe ta fara, ta shiga ruwa ko ba ta shiga ba. A yi cinikin kuɗin bincike tun farko, daban da na gyara, a biya shi ko da noti ɗaya aka samu. Bakanike ya shiga mota a yi tafiya tare, ya faɗi abin da yake zargi da dalilinsa, ya nuna shaidar a jikin ƙarfe kafin a sayi komai, ya kuma mayar wa mai mota tsohon kayan da ya cire. Ƙungiyar makanikai ta ƙasa, NATA, tana da rassan da za su iya tsayar da kuɗin bincike a matsayin ƙa'ida, yadda mai gaskiya ba zai ji tsoron maƙwabcinsa zai karya shi ba. Ma'aikatu da ƙungiyoyin da ke da irin waɗannan motoci su ma su buɗe masa gurbi a takardar biyan kuɗi, domin akawu ba ya biyan abin da ba shi da suna.

Mai Hilux ɗin da ya ratse gareji a hanyar Dandin Mahe yana sauri, minti ashirin ya ƙi bayarwa. Ya riga ya sayi shokabzoba, da taya, da birki, kuma boris ɗin na nan yana gurnani.