Ɗaki A Kan Mota, Ko Tanti A Kan Ƙasa?

Turawa suna da wata al'ada wadda kan ba mutanenmu mamaki. Ga mutum da gidansa na dutse, da lantarki da ruwan famfo, amma da an ba shi hutu sai ya kulle ƙofa ya nufi daji ya kwana. Ba fatauci ya fita ba, ba kuwa gudun haraji ya ke yi ba, shan iska ne kawai. Masu wannan al'ada sun rabu biyu, gardamarsu kuwa ba ta ƙarewa. Waɗansu su kan ɗauki tanti su kafa a ƙasa, waɗansu su kan shiga mota mai ɗaki a cikinta, da gado da murhu har da makewayi. Ni dai ina bayan masu tanti, ga kuwa dalilina.

Abin ba na jiya ba ne. A 1885 wani likita mutumin Sikotilan, Dokta Gordon Stables, ya sa aka ƙera masa ɗaki mai ƙafafu, dawaki biyu na ja, ya shiga yawo da shi, ga mai korar dawaki, ga baran da ke yi masa hidima. A 1901 kuma wani tela a London, Thomas Holding, ya tara 'yan'uwansa masu kekuna suka kafa jam'iyyar masu kwanan tanti, kowa ya naɗe nasa ya ɗaure a bayan keke. Tun daga nan an san wanne ne na mai hali, wanne ne na mai ƙaramin ƙarfi. Daga baya Amurkawa suka ɗauki zancen motar da zafi. Kamfanin Winnebago ya fito da tasa a 1966, yau kuwa akwai waɗanda tsawonsu ya kai ƙafa 40.

Ba na musun amfanin motar nan. Dattijo mai ciwon baya, ko mai iyali da jarirai, ba a ce masa ya kwanta a ƙasa cikin sanyin Turai. Har ma akwai wurin da tanti ba shi da izini. A gandun daji na Yellowstone, wanda gwamnatin Amurka ta keɓe tun 1872, akwai zango a Fishing Bridge inda ba a yarda da ɗakin zane ba sam, saboda wata muguwar dabba mai farata da a ke kira beyar.

Amma fa, jama'a, me ya fitar da mutum daga gida? In don ya ga abin da bai saba gani ba ne, to mai mota ya yi tafiyar kunkuru, ya ɗauko gidansa a baya. Da magariba ta yi sai ya ja labule, ya kunna fitila, ya ci irin abincin da ya ci jiya, ya kwanta a katifar da ya sani. Ƙasar da ya zo gani tana can bayan gilashi. Mai tanti kuwa tilas ya duba inda iska ke bugowa kafin ya kafa turke, ya lura da gangare kada ruwan sama ya kwashe shi da dare, ya tambayi mutanen wurin ina rijiya, ina kasuwa. Wannan tambaya ita ce kan tafiyar, gama a bakinta a ke sanin mutane.

Inda bambancin ya fi fitowa shi ne in an ƙetare zuwa wata ƙasa. Tanti ya kan shiga jaka, a hau jirgi da shi. Mota kuwa sai dai a yi haya da tsada, ko a yi mata kuɗin jirgin ruwa da takardun kwastan. A 1959 Wally Byam, mai kamfanin Airstream, ya jagoranci ayarin ɗakuna 41 daga Kef Tawun, motoci na jansu, ba su isa Alƙahira ba sai 1960, bayan sun sha wuya a miyagun hanyoyin Habasha. An yaba musu ƙwarai, amma wa ke da dukiyar yin haka? A Norwe kuwa, bisa dokar 1957, baƙo na iya kafa tantinsa a dajin da ba a nomawa har kwana biyu ba da neman izinin mai ƙasa ba, muddin ya nisanci gidan mutane da mita 150, watau wajen yadi 164. Sikotilan ma ta yi doka mai kama da wannan a 2003. Duka biyu ba su ba mota wannan dama ba. Ita sai bakin titi, ko zangon da a ke biya.

Saura in juyo kan malaman makaranta, don su na fi nufi. Aikin Sikawut da aka sani ko'ina a duniya daga tanti ya faro. A watan Agusta na 1907 Baden-Powell ya kai yara wajen 20 tsibirin Brownsea a kudancin Ingila, ya raba su ƙungiya huɗu, ya ɗora wa yaro guda shugabancin kowace. Da a mota mai makulli ya zuba su, ban ga abin da za su koya ba. Tanti ba ya tsayuwa sai wani ya riƙe sanda, wani ya ja igiya, wanda ya yi ha'inci wajen ɗauri kuwa kowa zai sani in hadari ya taso.

Saboda haka malamin da ke jiran sai an ba makarantarsa mota kafin ya fita da yara, ya daina jira. Ya nemi izinin iyaye da na dagaci, ya ari tanti biyu ko uku, ya zaɓi tudu kusa da ruwa mai kyau wanda ba ya wuce tafiyar rabin yini a ƙasa, in kaka ta yi su tafi.