Gishiri a Ruwan Kifi: Magani Ne, Amma Sai da Sikeli

A biranen Turai da Amurka akwai mutanen da ke kiwon kifayen teku masu ban sha'awa a cikin akwatunan gilashi. Babbar abokiyar gabarsu wata cuta ce mai fesa wa kifi fararen ɗigogi a jiki. Idan ta ɓulla, ɗaya daga cikin hanyoyin da suke bi ita ce su kwashe kifin zuwa wani akwati dabam, su riƙa ƙara masa ruwan daɗi sannu a hankali, har gishirin ruwan ya sauko daga giram 35 a kowace lita, wato adadin da ke cikin teku, zuwa wajen giram 12 ko 14. A haka za a bar shi makonni huɗu ko fiye. Kifin ya rayu, cutar ta mutu.

Mu a nan ƙasar Gumel, tsakaninmu da teku tafiyar fiye da kilomita 1,000 ce a mota, kuma ba mu da kogin da ke gudana shekara duka. Amma rijiyar burtsatse ta sa matasa a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar suna iya kiwon tarwaɗa a tankin roba ko kwarmin siminti a bayan gida. Idan kifinsu ya kamu da ciwo, akasin abin da wancan Bature ya yi suke yi: gishiri suke zubawa. Abin mamaki, shi da su duk doka ɗaya suke amfani da ita. Bambancin shi ne, shi yana auna gishirinsa da na'ura, mu kuwa galibi da tafin hannu muke yi. Ra'ayina shi ne, wannan gyara daga ajin kimiyya na makarantun sakandare ya kamata ya fito.

Dokar ita ce abin da littattafan ilimin halittu ke kira osmosis. Idan siririn tantani ya raba ruwa biyu, ɗaya mai gishiri da yawa, ɗaya mai kaɗan, to ruwa zai riƙa ratsa tantanin yana komawa ɓangaren da gishiri ya fi yawa. Duk wanda ya taɓa barbaɗa wa matsattsaku gishiri ya ga ya saki fata ya tsuke, ya riga ya ga wannan doka da idonsa. Bayanin ƙarfin wannan jan ruwa yana cikin abin da ya sa aka ba van 't Hoff, mutumin ƙasar Holan, kyautar Nobel ta farko a fannin kimiyyar sinadarai a 1901.

Jinin yawancin kifaye yana ɗauke da gishiri wajen giram 9 a lita, ko na teku ne ko na kogi. Saboda haka kifin teku yana zaune ne cikin ruwan da ya fi jininsa gishiri, kullum ruwan jikinsa yana tsiyayewa waje. A 1930 Homer Smith, wani masani Ba'amurke, ya nuna cewa irin wannan kifi shan ruwan teku yake yi don ya mayar da abin da ya rasa, sa'an nan ya fitar da rarar gishirin ta jajayen gezar da yake numfashi da ita a gefen kansa. Tarwaɗa da karfasa kuwa matsalarsu a juye take. Ruwa ne ke kutsawa cikin jikinsu ba dare ba rana, gishirin jikinsu yana sulalewa. Ƙodarsu tana ta fitar da fitsari mai yawa tsararo, gezar numfashi tana tsinto ɗan gishirin da ke cikin ruwa, kamar yadda August Krogh na ƙasar Denmak ya tabbatar a 1937. Wannan aiki yana cin ƙarfin kifi, balle idan fatarsa ta yi rauni.

To, a nan ne hikimar take. Kifi yana da ƙoda da geza da fata mai yauƙi, yana iya jure canjin gishiri zuwa wani mataki. Ƙwayar cutar kuwa ƙwayar halitta guda ɗaya ce tak, ba ta da waɗannan kayan yaƙi. Ta teku, mai suna Cryptocaryon irritans, idan gishiri ya ragu sai ruwa ya cika ta har ta lalace. Wani masani mai suna Colorni ya yi bincike a kan haka a Eilat, bakin Bahar Maliya, ya buga sakamakon a 1985. Ta ruwan daɗi, Ichthyophthirius multifiliis, wadda aka bayyana tun 1876, idan gishiri ya ƙaru sai ruwan jikinta ya tsotse. Haka ma sauran ƙananan ƙwayoyi irin su Trichodina da ke addabar 'ya'yan tarwaɗa.

Sai dai akwai wani abu da masu kiwo ba su cika lura da shi ba. Farin ɗigon da ake gani a jikin kifi, ƙwayar ce ta shige ƙarƙashin fata, gishiri ba ya kai mata a can. Sai ta ƙoshi ta faɗo ƙasan tanki, ta lulluɓe kanta, ta rarrabu zuwa ɗaruruwan 'ya'ya, su fito suna iyo suna neman kifi. A wannan fitowar ce ake cin galabarsu. Wanda ya zuba gishiri yau, ya canja ruwa gobe don ya ga ɗigogin sun ragu, ya yi shuka a idon makwarwa, domin ragowar suna kwance a ƙasa suna jiran lokaci. Kuma cutar ta fi samun sarari idan ruwa ya yi sanyi, wato lokacin hunturu a wurinmu, sa'ad da kifi ke rage cin abinci, ƙarfinsa ya ragu.

Bari mu yi ɗan lissafi, irin wanda ɗalibin aji uku zai iya yi a allo. Kwarmi mai tsawon mita 2, faɗin mita 2, zurfin ruwa mita 1, yana ɗauke da lita 4,000. Adadin da aka saba bayarwa don kifi ya zauna a ciki kwanaki shi ne giram 1 zuwa 3 a lita. A giram 3, ana bukatar kilo 12 ke nan. Mai kiwon da ya watsa tafi biyu, a ce giram 100, bai kai ko kashi ɗaya cikin ɗari na wannan ba. Ransa kawai ya kwantar. A ɗaya gefen kuma, wanda ya juye kilo ɗaya a bokiti mai lita 20 don ya yi wa 'ya'yan kifi wanka, ya haɗa giram 50 a lita, ruwan da ya fi teku gishiri. Akwai wankan gishiri mai ƙarfi, amma na 'yan mintoci ne, mutum yana tsaye a kai, da zarar kifi ya fara kifewa a tsame shi. Tarwaɗa ba ta da ɓawo a jiki, ƙananan 'ya'yanta kuwa ba su da juriya, don haka a fara gwadawa da biyar kafin a saka dubu.

Wani haɗarin namu ne na gida. A kasuwar Maigatari, da ke ci kowace Alhamis, ana samun gishirin dabbobi da kanwa iri-iri daga Jamhuriyar Nijar, irin su kantu na Bilma da mangul na ƙasar Manga. Suna da amfani ga shanu da raƙuma, amma ba tsantsar gishirin girki ba ne, akwai ƙasa da wasu sinadarai a cakuɗe. Kanwa kuwa sinadarinta dabam ne ɗungurungum. Tana mayar da ruwa mai kaifi irin na toka, a irin wannan ruwa kuma sinadarin amoniya da kifi ke fitarwa yana rikiɗewa ya zama guba mai ƙone gezar numfashi. Arahar kanwa ba dalili ba ne. Farin gishiri tsantsa shi ake nufi.

Na san za a ce me ya sa ba za a sayi maganin kanti kawai a huta ba. Maganin kashe bakteriya, irin wanda ake zubawa a tanki da zarar kifi ya yi laushi, ba ya taɓa waɗannan ƙwayoyi ko kaɗan, don su ba bakteriya ba ne. Asarar kuɗi ce, ga ragowar maganin a naman da za mu ci, ga kuma koya wa bakteriya jure maganin da asibiti ke dogara da shi. Haka nan gishiri ma ba ya maganin kowace cuta, kuma ba ya gyara tankin da aka cunkusa ko ruwan da ya yi wari. Ruwan da aka sa wa gishiri kuma kada a sake shi cikin lambu, musamman a kan albasa, wadda ba ta jure gishiri.

Ga malaman ilimin halittu na makarantunmu, kayan aikin wannan darasi ba su fi ƙarfin kowa ba: sikelin ɗakin gwaji, gorar ruwa mai lita ɗaya, gishiri, da dankalin Turawa. A yanka dankali sille-sille daidai da juna, a auna nauyin kowane, a jiƙa su a ruwa mai giram 0, da 5, da 10, da 35, da 50 a lita. Bayan awa ɗaya a tsane su a sake aunawa, ɗalibai su zana jadawalin wanda ya ƙara nauyi da wanda ya rage. Daga nan a tura su gida da igiyar awo, kowa ya auno tanki ko kwarmin da ke unguwarsu, ya kawo lissafin kilo nawa na gishiri zai ci a giram 2 a kowace lita.